Hasana Ta Yi Shiru

Juma'a, 18 ga Afrilu, ƙarfe 9 na safe

Yau kwana biyu ke nan Hasana ba ta yi magana ba.

Wannan kaye, wato littafin rubutuna, na aiki ne, lambobi nake rubutawa a ciki da zanen wayoyi. Amma tun jiya zaune ta gagare ni, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa, to bari in faɗa wa takarda.

Hasana na'ura ce. Ni Zubair na haɗa ta da hannuna a shagona na gyaran panno, farantin wutar sola, da ke bakin kasuwar Gure, ita da ƴar'uwarta Usaina. Kowacce ba ta wuce sabulun wanka girma ba. Fuskarta ɗan panno ne, baƙin gilashi mai shan rana. A cikinta akwai ƙaramin batir, da sim, da ƙwaƙwalwar, wata ƴar baƙar aba kamar ƙwayar wake da muke kira mikrokontrolar. A gefe maɓalli ɗaya da ƴar fitila koriya. Usaina tana nan rataye a ƙofar shago. Hasana kuwa tana ɗaure a wuyan taguwar yayana Ibram, wanda ya kora raƙumanmu bakwai arewa da Alakos tun biyar ga wata, don ciyawa ta ƙare a kusa.

Yaya ba ya riƙe waya. Kwana biyu caji ya ƙare, a daji wa zai ba shi wuta? Shi ya sa na yi masa wadda ba ta neman wutar kowa. Sharaɗinmu mai sauƙi ne. Kowace safiya bayan salla ya danna sau ɗaya, ma'ana lafiya. In wani abu ya faru ya danna sau uku, ma'ana ku zo. Saƙo ya shigo wayata da wurin da yake.

Safiya goma sha ɗaya saƙo yana zuwa. Jiya babu, yau babu. Rezo ne, wato sabis ɗin waya, ba wani abu ba. Can in ba ka hau tudu ba ba ka samu.

Asabar, 19 ga Afrilu, ƙarfe 6:50 na safe

Babu.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar

Hamsatu matar Yaya ta tare ni a zaure. Kullum da tsiya take tarbata, Mushe Panno take ce mini, Malam Panno ke nan da Faransanci, wai in na yi aure da waya zan ɗaure amaryar kada ta gudu. Yau ba ta ce Mushe ba. Ta ce, "Zubair, yayanka fa?"

Na ce rezo ne. Ta ce, "To kwana goma sha ɗayan nan a ina ya samu rezon?" Na ce a kan tudu. Ta ce, "Tudun ne ya ƙare?"

Mace da baki kamar reza. Na wuce.

Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ba mu baya. Yaya ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Shekara arba'in da ɗaya "wancan" take ce masa. Kwanakin da saƙo ke zuwa, da gangan nake ɗaga murya in na karanta wa Hamsatu, sai in ga hannun Inna ya tsaya a kan rariya, in na gama ya ci gaba. Yau tunda na shigo hannun bai motsa ba.

Litinin, 21 ga Afrilu, ƙarfe 11 na safe

Na sauko da Usaina na buɗe ta a kan tebur. Duk abin da ke cikin waccan yana cikin wannan, rana ɗaya na liƙa su da dalma.

Bari in rubuta yadda take aiki, ko na ga inda na yi kuskure. Dabarar duka ita ce barci. Wuni da kwana tana barci, agogonta kawai ke tafiya, da gadin maɓalli. A barcin nan mikro'amfiya takwas take sha, abin da ko tururuwa ba za ta ƙoshi da shi ba. Wata uku na yi ina kashe mata duk wata kafa da wuta ke zurara kafin in kai ga takwas ɗin, ranar da na gani a mita har shayi na saya wa maƙwabta. In an danna, ta farka, ta nemi wurin da take, ta tada sim, ta tura saƙo, ta koma barci. Wannan ɗan lokacin shi ne mai ci, yana haɗiye abin da barcin wata guda ba ya sha. Da rana panno ya mayar mata da abin da ta kashe, awa biyu ya isa.

Kuma na sa mata doka. Cikakken batir 41 yake nunawa, in ya sauka ƙasa da 35, kada ta tada sim, don in ta gwada da yunwa za ta mutu gaba ɗaya. Ta rubuta ranar da lokacin da aka danna ta ajiye, ta jira rana, in ta ƙoshi ta turo duka. Doka mai kyau ce, har yau ina kan bakana.

Kowane saƙo yana zuwa da lambar batir. Ga na Hasana: 41, 41, 40, 40, 39, 38, 38, 37, 37, 36, 35.

Na gan su tun suna zuwa. Na ce zafi ne ya rikita awon. Yaushe batir zai riƙa sauka a watan Afrilu, a ƙasar da rana ke soya ƙwai a kan mota?

Talata, 22 ga Afrilu, ƙarfe 6:45 na safe

Babu. Na kashe wayar na kunna, na cire sim na goge da riga na mayar.

Talata, ƙarfe 2 na rana

Na sa Usaina a kan kwanon rufi tun hantsi, na bar ta ta gasu har ba ta taɓuwa. Na danna, saƙo ya zo, 41. Na ɗaure ta a bayan babur na bi hanyar kwari da ita, duk ramin da na gani sai na faɗa. Na danna, ya zo. Na tura ta cikin yashi na tono, na danna, ya zo.

Shegiyar na'ura, ƙalau take. Wallahi ban taɓa jin haushin aikina don ya yi kyau ba sai yau. In ita ƙalau take, to shirun ba nata ba ne, kuma ba na son in rubuta na wane ne.

Da zan koma gida Yakubu baduku ya ɗago daga rumfarsa ya ce, "Mushe, aikin ya yi kyau ko?" Na ɗaga masa hannu na wuce. Na ɗauka takalmin da ya ɗinke mini yake nufi.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan azahar

Kawu Tahiru, ƙanen Inna, ya zo shago. Bai zauna ba. Ya ce ya yi magana da mai katkat, motar shiga daji, gobe da sassafe a bi sawu zuwa rijiyar da saƙon ƙarshe ya nuna.

Na ce, "Kawu, a dakata. Yaya ya san sharaɗi. Da da matsala da ya danna uku."

Ya ce, "In abin ya lalace fa?"

Na ce, "Ba ya lalacewa. Ga ƴar'uwarta nan, jiya ba irin azabar da ban ba ta ba."

Ya dube ni, ya dubi Usaina, ya ce, "Ɗana, ni tun kafin a haife ka nake bin dajin nan. Shirun kwana bakwai ba na son shi."

Ni kuwa sai na hau. Na ce da can wata biyu Yaya ke yi ba a jin ɗuriyarsa, ba wanda ya ɗauki mota, sai yanzu da na kawo abin zamani kowa ya zama mai shawara. Na ce in aka je aka tarar da shi yana shan nono a gindin aduwa, dariya zai yi mana har shekara. Na faɗa da ƙarfi, har mai shayi ya leƙo.

Kawu ya ce, "To, kai ka yi lakwal, kai ne ɗan boko. A ƙara kwana uku." Ya fita bai yi sallama ba.

Gaskiyata ce ai. Da ya danna uku da na ji.

Alhamis, 24 ga Afrilu, ƙarfe 7 na safe

Babu.

Alhamis, ƙarfe 5 na yamma

An kira ni gyaran famfon wani lambu a kwari. Na je na kwance, na ɗaura, na dawo, ban san abin da na gyara ba. Mai lambun ya fara ba ni labarin abin da ake faɗa game da hanyar arewa. Na ce masa ya miƙo mini filaya.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan masallaci

Liman ya sa Yaya a addu'a, ban san wanda ya gaya masa ba. Mutane suna ba ni hannu suna daɗewa ba su saki ba. Na tsani wannan riƙon.

A gida Inna ta kira ni ɗakinta, wai in duba mata rediyo. Rediyon lafiyarsa lau. Ina juya shi ta ce, ba ta dube ni ba, "Abin nan naka na wuyan taguwa. Rana ba ta lalata shi?"

Na ce, "Haba Inna, ki bar mini aikina. Babu abin da zai same shi."

Ta ce to. Na ga kamar ta ɗan samu sauƙi, ni kuwa na fito da haushi. Kowa ya zama injiniya a gidan nan.

Asabar, 26 ga Afrilu, ƙarfe 10 na safe

Innalillahi.

Abu ɗaya ne ban gwada ba, don hankalina bai ɗauka ba. Na kifa ƙwarya a kan Usaina, na toshe gefen da tsumma, na bar ƴar kafa ta yatsa da ido. Na danna, na jira saƙo, na sake dannawa. 41, 41, 40, 40, 39. Ta kai goma sha uku, don rezon gari ya fi na daji ƙarfi, ba ta wahala wajen nema. A na goma sha huɗu fitila ta yi kore, wayata ba ta yi ƙara ba.

Na danna uku. Kore, kore, kore. Wayata shiru.

Ashe awon gaskiya yake faɗa mini kwana goma sha ɗaya. Hasana ba ta ga rana ba tun ranar da ta bar Gure. Abin da na cika mata a shago shi ta yi ta ci har ya ƙare. Yadda aka yi na'ura a wuyan taguwa ta rasa rana a bazara, Allah kaɗai ya sani.

Da farko daɗi na ji, wallahi har na yi dariya ni kaɗai. Laifin na'ura ne, ke nan Yaya yana can lafiya yana dannawa. Dariyar ba ta gama fita ba na tuna fitilar.

Ni na sa ta riƙa yin kore da zarar an danna. Ma'anarta "na ji", ba "na tura" ba. Na so in sa jar fitila ta biyu mai cewa saƙo bai tafi ba, sai na lissafa wutar da za ta ci na ce asara ce. Kuma abin da na gaya wa Yaya shi ne, "In ka ga kore, na ji ka."

Ban rufe shago ba na tafi gidan Kawu da gudu.

Lahadi, 27 ga Afrilu, ƙarfe 8 na safe

Sun tafi, Kawu da direba da mutum biyu masu sanin sawu. Na ce zan bi su, Kawu ya ce, "Zauna ka yi gadin wayarka." Bai faɗa da faɗa ba, da ya zage ni da ya fi mini.

Talata, 29 ga Afrilu, ƙarfe 6:40 na safe

Babu.

Laraba, 30 ga Afrilu, da hantsi

Hasana baki gare ta, ba ta da kunne. Ni na yi ta haka. Sauraro shi ya fi komai cin wuta, na'urar da ke jiran kira ba ta barci, kwana biyu ta mutu kamar wayar kowa. Na yi ta taƙama da wannan a majalisa, ina cewa tawa ba ta jiran kowa. Da tana da kunne ko na minti ɗaya a wuni, tun ranar da na ga 39 da na ce masa, Yaya duba fuskarta.

Ko da yake ban ce ba ai ko a raina. Na ce zafi ne.

Ranar da na ba shi ita ya juya ta a hannu ya ce, "To ita me take ci?" Na yi dariya na ce, "Yaya, kai dai danna. In na fara yi maka bayani raƙuman za su tsufa." Shi ma ya yi dariya, ya ce yaron nan tun yana rarrafe yake raina ni. Kwana biyu ta yi a gida kafin tafiyar. Ranar da ya tashi ina Gidigir wajen wani famfo, ban ga ɗaurin ba.

Alhamis, 1 ga Mayu, ƙarfe 7 na safe

Babu. Hamsatu ta daina tambaya. Tana ajiye mini kunu a bakin ƙofa ta juya.

Lahadi, 4 ga Mayu, bayan la'asar

Kawu ya dawo. Sun kai rijiyar, masu ban ruwa sun ce sun gan shi ranar goma sha shida, lafiyarsa ƙalau, har ya nuna musu abin wuyan taguwar yana cewa ƙanensa ne ya ƙera, ko a Damagaram babu irinta. Daga nan ya yi gabas. Sun bi kwana huɗu, iska ta share sawu. Sun sanar da jandarma a hanyar dawowa.

Akwai abin da Kawu ya gani a wani kwari, ya gaya mini a soro mu biyu. Ba zan rubuta ba, don bai tabbatar na Yaya ne ba.

Inna ba ta fito ba. Ta aiko a tambayi ƙanenta ko ya sha ruwa.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe 6:45 na safe

Babu.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe 1 na rana

Na sa wa Usaina jar fitila. Minti ashirin ya ɗauke ni, da layi huɗu na rubutu. Na auna abin da ta ƙara ci, mitar ma da ƙyar ta gani. Ihu bayan hari.

Asabar, 10 ga Mayu, ƙarfe 4 na yamma

Taguwar ta dawo.

Wani makiyayi ya gan ta a wata rijiya kusa da Alakos ita kaɗai, ba sirdi, ba sauran shidan. Ya gane shaidar gidanmu a cinyarta ya jawo ta har ƙofa, Allah ya saka masa. Ta rame, tozon ya kwanta. Hamsatu ta fito ta rungume wuyanta tana kuka, mata suka janye ta.

Na duba wuyan ban ga Hasana ba. Abin da na gani jar laya ce babba, ɗinkin fata mai kyau da zare kore a gefe. Sai da na matsa na ga maɓallin yana leƙowa ta wata ƴar huda, da huda ta biyu daidai fitila. Sauran duka an lulluɓe, fuskar gilashin har ninki biyu.

Na kwance ta na sa a aljihu kafin wani ya kula. Na san ɗinkin, irinsa ne a takalmin da ke ƙafata.

Lahadi, 11 ga Mayu, ƙarfe 9 na safe

Na je rumfar Yakubu da niyyar in ci mutuncinsa. Na ajiye ta a gabansa na ce, "Wa ya sa ka?"

Ya ga fuskata ya ajiye basilla. Ya ce, "Mushe, an ce kada in faɗa."

Na ce, "Yakubu, ka faɗa mini ko in tara maka kasuwar nan."

Ya ce, "Innarku ce. Ana gobe tafiyar ta zo da kanta, a lulluɓe, ita da ba ta shiga kasuwa. Ta ce abin wancan ne, ƙanensa ya yi masa, gilashi ne kuma daji ba ya barin gilashi. Ta ba ni takardar addu'a ta ce in shimfiɗa a kan fuskar in rufe. Ta tsaya a kaina har na gama, ta ce in zaɓi fatar da ta fi kauri. Ni kuwa na ga wurin dannawa da ƴar wutar, na ce waɗannan su ne masu aiki, na bar musu ƙofa. Na yi ɓarna ne?"

Na fasa zagin da na zo da shi. Na ce a'a, ɗinki ya yi kyau.

Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa miƙa masa ko ƙwaryar ruwa a gaban mutane ba. Na san Yaya. Ko da ya san abin da gilashin nan ke yi, ban ce zai iya sa wuƙa a ɗinkin ba. Amma bai sani ba, don ya tambaye ni na yi masa dariya.

Lahadi, ƙarfe 3 na rana

Na rufe shago ta ciki na farke ɗinkin. Takardar tana nan a ninke, ban buɗe ba. Batir 33. Agogonta yana tafiya daidai, ko minti ɗaya bai ɓata ba. Mikro'amfiya takwas ɗina sun yi aikinsu.

Na fitar da ita bayan shago na ajiye a kan bulo, fuskarta sama. Na zauna a ƙasa kusa da ita da mita a hannu. 34. 35. 36. Bayan awa ɗaya da rabi wayata ta fara ƙara, ƙarar da na ware wa Hasana ita kaɗai, ta yi ta yi ba ta tsayawa. Na kwafe su kamar yadda suka zo. Babu wuri a ko ɗaya, don neman wuri ma dokata ta hana.

17 ga Afrilu, 5:52, sau ɗaya.
18, 5:49, sau ɗaya.
19, 20, 21, 22, sau ɗaya kowace safiya.
23, 5:50, sau ɗaya.
23, 1:14 na rana, sau uku.
23, 1:16, sau uku. 1:31, sau uku. 2:05, sau uku.

Ranar Laraba ce. Na koma baya a kayen nan na karanta abin da nake faɗa wa Kawu a daidai wannan lokacin, har mai shayi ya leƙo.

24 ga Afrilu, sau uku, sau uku, sau uku, tun asuba har faɗuwar rana. Na ƙirga, ashirin da bakwai. Kowane ɗaya fitila ta yi masa kore.

25 ga Afrilu, Juma'a, 11:40 na safe, sau ɗaya.

Daga nan babu. Ban sani ba ko iyakar ƙarfin yatsansa ke nan, ko kuwa so ya yi ya ce mana lafiya.

Daga Gure zuwa rijiyar nan wuni ɗaya ne a katkat. Kawu ya so tashi ranar Alhamis.

Litinin, 12 ga Mayu, da hantsi

Na kai wa Kawu kayen ya karanta, na nuna masa fatar. Ya karɓa ya yi ta juya ta a hannu. Na ce ya faɗi duk abin da ke bakinsa, na cancanta. Ya ce, "Me zan faɗa? Kwana ya ƙare." Ya miƙo mini fatar ya ce, "Yayata ba za ta ji wannan ba, Zubair. Ko bayan raina." Na ce ko bayan nawa.

Ya ce za su sake fita jibi su bi gabas, wannan karon in zo. Bai ce za mu nemo shi ba, ya ce za mu je mu gani.

Talata, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Inna ta kira ni ɗaki. Yau ba ta ce rediyo ba. Tana zaune a bakin gado da carbi, ta rame har zoben hannunta yana juyawa. Ta ce in zauna, na zauna a ƙasa.

Ta ce, "An ce taguwar ta dawo da abin nan naka."

Na ce e, Inna.

Ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, a hankali kamar mai faɗin laifi, "Ni na sa aka yi masa riga. Ban gaya maka ba, na san halinka, faɗa za ka yi. Ba ni da abin da zan ba Ibram ya tafi da shi."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma.

Ta ce, "Fatar ta tsare shi?"

Na ciro Hasana daga aljihu na sa mata a tafin hannu. Na ce, "Ta tsare shi, Inna. Duba gilashin, ko ƙwarzane babu."

Ta shafa fuskar da babban yatsa, ta kai kusa da ido ta duba, ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Da ma abin da na ji tsoro ke nan, kada rana ta ci shi."

Na ce haka ne, Inna.

Yatsanta ya sauka kan maɓallin, ta danna ba da niyya ba. Fitila ta yi kore. Wayar ta yi ƙara a aljihuna, na sa hannu na danne ta har ta yi shiru.